Fenti na malala ƙarƙashin sitansil, ina neman mafita

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu zane. Daga Argungu nake. Ina yanke siffa a kwali, wato sitansil, in ɗora kan katako, in fesa fentin gwangwani: masunci da gorarsa da komarsa, wani lokacin dagin Arewa. Burina malamin makaranta ko ɗalibi ya iya sayen zanen hannu ya rataya a ɗakinsa, ba sai mai hali ba. Shi ya sa nake so sitansil ɗaya ya ba ni zane 30.

Amma fenti na shiga ta ƙarƙashi ya ɓata gefe. Zaren koma, wanda shi ne kyan zanen, sai ya cuɗe ya zama dunƙule. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na ja baya kamu ɗaya, na rage feshi, na danne da salatif, duk bai hana ba. Kwali kuma feshi biyar ya jiƙe. Na koma tsohon fim ɗin hoton asibiti, ya fi ƙarko, sai dai zafin rana na nannaɗe shi.

Don Allah, da wane gam kuke kwantar da shi, wanda ba zai ɓamɓare fentin ƙasa ba? Ana samunsa a Birnin Kebbi?