Gatari na Hannun Wa? Musayar Waƙa kan Sauyin Yanayi

Malamin Bagalam, Juma'a bayan la'asar:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Tun ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rushe gidaje kuma ya ci rayuka a garin nan namu na Maradi a Nijar, nake son mu yi musaya a kan sauyin yanayi da abin da mutum ɗaya zai iya yi a gidansa da gonarsa. Na buɗe da ƙwar biyu, amsa-amonmu "wa" ne, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi nake buɗe baki,
Ga Mai ba da ruwa, Mai hanawa.

Ina kukan gulbinmu Maradi,
Da yashi ke ci yana rufewa.

Da can hadari in ya taso gabas,
Manomi ya san ranar shukawa.

Yanzu ruwan fari in ya sauka,
Sati uku sama ke ƙeƙashewa.

Mu binne iri, mu sake binne,
Tiya uku ta tafi babu tsirowa.

In ya tashi zuwa, a dare ɗaya
Ya zubo na wata, gari na rushewa.

Na duba hanya na ga amalanke
Ɗauke da icce tana wucewa.

Mata, ku rage wutar murhunku,
Dajin Baban Rafi na ƙarewa.

Hajiya ta Mokoyo, Juma'a da dare:

Malam, na ji kiranka ga mata,
Tuwon da ka ci, wa ke tuƙawa?

Da hasken wata aka dafa shi,
Ko da tawada ake hurawa?

Gatari na hannun maza ne,
Mu ƙulli guda muke sayowa.

Na bar murhun duwatsu uku,
A kan Mai Sauƙi nake girkawa.

Na jiƙa wake tun da dare,
Na rufe tukunya don saurin dahuwa.

Ka sai mini butelin gas, Malam,
Sannan ka hau kan tsawatarwa.

Malam, ba da raini na amsa maka ba. Murhun duwatsu uku yana barin yawancin zafin wuta ya tsere ta gefe, shi kuwa Mai Sauƙi, murhun ƙarfe, yana tattara shi ƙarƙashin tukunya, kuma mata da yawa sun koma kansa ba tare da wani ya yi musu wa'azi ba, domin su ne ke shan hayaƙi kuma su ne ke lissafin kuɗin icce. Gas yana fitowa daga matatar Damagaram tun 2011, amma kuɗin buteli na farko shi ne katangar da ke tsakaninsa da talaka.

Ɗan Mokoyo:

Madalla, Hajiya! Baiti shida babu wanda ya gurɗe. Mutanen Bagalam su nemo wani mawaƙin, wannan ya sha ƙasa tun a zagayen farko.

Manomin Agye, Asabar da hantsi:

Ku bar faɗa kan bakin murhu,
Ku zo gona ku ga abin dubawa.

Ubana kan share gona tas,
Ya tara sabara yana ƙonawa.

Iska ta zo ta yanke gero,
Yashi ya bi shuka yana binnewa.

Ni kuwa in na ga toho a kututture,
Nakan zaɓi biyar masu miƙewa.

Saura in sassabe in kai gida,
Uwargida ta samu na hurawa.

Ban sayi iri ba, ban yi ban ruwa ba,
Saiwa na ƙasa, ba ta mutuwa.

Yau gonata ta cika da inuwa,
Kalgo da sabara, aduwa da gawo.

Wannan shi ne sassaben zamani, kuma a jiharmu ya fara yaɗuwa tun daga 1983, lokacin da Toni Rinaudo, mutumin Ostiraliya da ke aiki a Maradi, ya lura cewa abin da muke ɗauka ciyayi ne a gona, tohon manyan itatuwa ne da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Aikin bai buƙaci komai ba sai wuƙa ko lauje da haƙurin hana kai sarewa.

Bagobirin Tibiri, Asabar da azahar:

Manomi, gonarka ta yi kyau,
Amma baitinka yana ɗingisawa.

Ka tashi da "wa", ka sauka a "wo",
Ka ɓata hanya wajen isowa.

A Gobir ko yaro mai koyo
Ba ya kai irin wannan gaban dattawa.

Malam ya gindaya sharaɗi tun farko, kuma da ka ce "gawo da aduwa" da amsa-amo ya zauna daram. Bayan haka, ɗangonka na farko gaɓa 9 ne, amma wanda ka fara da "Ni kuwa in na ga toho" ya kai 13, kuma ba a ɗora wa baiti kayan da ya fi ƙarfinsa don kawai zancen da ke ciki gaskiya ne.

Manomin Agye:

Bagobiri, kai mai ƙirgar gaɓa,
Icce nawa kake rayawa?

Kun dasa dubu ran 3 ga Agusta,
Kafin kaka awaki sun gama cinyewa.

Gawo sarki ne, shi ke zuwa ƙarshe,
Ba ya shiga gaban aduwa.

Da damina yake zubar da ganye,
Gero ya sha rana, taki na sauƙowa.

Da rani ya yi kore, ya yi 'ya'ya,
Tumaki su ci su yi ta haihuwa.

Malama ta Sabon Gari:

Malam Bagobiri, a kan amsa-amo kana da gaskiya, amma a kan kari ka yi gaggawa. Aruli ba yawan gaɓoɓi kawai yake ƙirgawa ba, nauyinsu da sauƙinsu yake aunawa, kuma akwai karuruwan da gaɓa biyu marasa nauyi ke zama a gurbin guda mai nauyi. In kuwa ƙirga za mu bi, ɗangonka na ƙarshe gaɓa 12 ne, alhali "Ka ɓata hanya wajen isowa" 10 ne.

Bagobirin Tibiri:

Malama, ki rera nawa da baki ki ji ko zai tsaya miki a maƙogwaro. Nasa kuwa sai an haɗiye rabin "kututture" kafin a kai gaci.

Ɗan Mokoyo:

Makaɗan kotso da taushi na fadar Tibiri ba su taɓa buɗe littafin aruli ba, kiɗa ne ma'auninsu. Don me Bagobiri zai auna manomi da abin da bai auna makaɗan garinsu da shi ba?

Jikan Gobir:

Rubutacciyar waƙa daban, waƙar baka daban, kuma Malam rubutacciya ya buɗe. Ku Katsinawan Maradi duk wanda ya taɓa naku sai ku taru masa. Bagobiri, ka tsaya a kan bakanka, muna bayanka.

Ɗalibar Jami'a, Asabar da dare:

Iyayena, ku ɗaga kai kaɗan,
Hayaƙin nan daga ina yake tasowa?

Masana'antun Turai, Amurka da Sin,
Kwal da mai suke ƙonawa.

Ya taru a sama kamar bargo,
Zafin rana ya kasa komawa.

Mu da ko fanka ba mu kunna ba,
Mu ne na farko wajen gasuwa.

Sun taru a Faris sun sa hannu,
Alkawari na nan babu cikawa.

Inna ta rage icce, na yarda,
Amma ba ita ta ci bashin ba kuwa.

Ku gafarce ni da na katse gardamar kari. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420, kuma Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska da ake samu daga ƙona kwal da mai da gas. A yarjejeniyar Faris ta 2015 an amince a yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin duniya a digiri 1.5, sai ga 2024 ta zama shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa. Ina ganin kututturen Baba Manomi yana kare mu daga iska da yunwa, kuma yana shanye wani abu na kabon, amma bai kamata mu ɗora wa mai tuƙa tuwo laifin da ba nata ba.

Malamin Bagalam, Litinin da safe:

Ɗiyata, kin faɗi gaskiya, amma
Mai jiran Faris zai sha daɗewa.

Hajiya, na karɓi zancen gatari,
Saura leda da ake watsarwa.

A sai gishiri leda, a sai yaji leda,
Kwandon kaba ya zama abin mantuwa.

Ta toshe magudana, ruwa ya dawo,
A ɗaki ya sami wurin kwantawa.

Akuya ta haɗiye, ciki ya kumbura,
Mahauci ya gani wajen feɗewa.

Na yi jinkiri saboda ta'aziyya da na je, na dawo na tarar an kusa binne maganar da gaɓoɓi. Garin nan ya san ambaliya tun 1945, lokacin da ruwa ya cinye tsohon gari a cikin kwari har aka hau tudu, kuma a nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984, wanda ya haifi Alkawarin Maradi. An yi dokar hana leda a 2014, amma ku dubi rassan bagaruwa a bayan gari ku gaya mini ko an bi ta. Wannan kam ba daga Turai aka watso mana ita ba.

Hajiya ta Mokoyo:

Kwandona na rataye, Malam,
Da shi nake zuwa kasuwa.

Tsiren dare da goron safe,
A cikin me kake kawowa?

Ɗan Mokoyo:

Biyu ke nan, Hajiya!

Makiyayin Dakwaro, Laraba:

Sai yau na samu rezon waya, kuma da Manomin Agye nake.

Manomi, na ji kirarin gawonka,
Burtalin shanu wa ke nomewa?

Ƙasa ta gaji, kun bi mu arewa,
Makiyayarmu kuke sharewa.

Kashin shanuna ke gyara gonarka,
In na kai hannu ga reshe, sai ɗaurewa.

Ka ce tumaki su ci 'ya'yan gawo,
Naka kaɗai, ko har da na baƙuwa?

Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa dabbobi wurin kiwo, amma gonaki sun tsallake ta da nisa, kuma idan ciyawa ta ƙone a shekarar fari, ganye da 'ya'yan gawo ne ke raba saniya da mutuwa. Ban ƙi sassaben zamani ba, ni ma na ga amfaninsa a hanya, sai dai ina son ka faɗa mini cikin baiti, ko da "wa" ko da "wo", a kan wane sharaɗi zan shiga gonarka idan muka gangaro kudu bayan an ɗauke amfanin gona.