Da gaske aikin mata ne ya hana ƴan Japan haihuwa?

Ƴar Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a karatun ungozoma a nan Maradi, an kuma sa ranata bayan babbar salla. Jiya wan mijin da zan aura, mai kawo motoci daga Kwatano, ya zo ya ce wa Baba gara in ajiye maganar aiki. Wai a dubi Japan, inda ake ƙera Toyotar da yake sayarwa: mata sun bar gida sun cika ofis, yanzu ba aure ba haihuwa, sai tsofaffi. Baba bai ce uffan ba, amma na ga maganar ta shige shi. Don Allah wanda ya san ƙasar nan ya gaya mini gaskiyar lamari.

Malamin Noma:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. A can na yi karatun aikin gona. Rabin maganarsa gaskiya ne. A 2024 jariran da ƴan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 28 cikin ɗari na maza sun kai shekara 50 ba su taɓa aure ba, mata kuma kusan kashi 18. Da wuya a haihu a can ba aure, shi ya sa da aure ya ja baya haihuwa ta bi shi.

Amma dalilin da ya kawo, nan na rabu da shi. Ki shiga jirgin ƙasa a Tokiyo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, za ki tarar da maza cikin baƙaƙen kwat suna gyangyaɗi a tsaye, sai lokacin suka tashi daga aiki. Maƙwabcina sai ranar Lahadi ƴaƴansa ke ganinsa ido biyu. Matarsa kuwa tun asuba ta haɗa wa yara abinci a ƴan akwatuna, ta ɗora ɗaya a gaban keke ɗaya a baya, ta kai su makaranta, ta wuce kantin da take aikin ƴan sa'o'i, ta dawo ga girki ga wanki ga jinyar uwar miji. Ba ƙanwa, ba goggo, ba ƴar riƙo, ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa goyo ta katanga. Budurwa mai digiri ta dubi wannan ta ce ita kam ta haƙura. Saurayi shi ma an rene shi a kan cewa namiji ne mai ciyarwa, in aikinsa ba tsayayye ba ne sai ya ƙi fita nema sam. Abin ya kai sai da doka ta kafa iyakar sa'o'in aikin ƙari daga 2019, saboda gajiya na kashe mutane.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Malam, duk wannan bayani na ji. Amma da matar tana zaune a ɗakinta da wahalar ta kai haka? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƴata, ki bi maganar manya.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:
Alhaji, ka yi haƙuri, wane zama? Tun ina amarya nake matsar mai ina tuya ƙuli-ƙuli, ƴaƴana takwas, kuma da kuɗin adashena na yi wa ƴan matan kayan ɗaki. Yaushe matan Maradi suka zauna ba sana'a? Kuma ku ne in matarku na naƙuda kuke cewa kada namiji ya duba ta. To, wa zai karɓi haihuwar in an kulle ungozoma a gida?

Malamin Noma:
Hajiya ta tuna mini wani abu. Ta wani fannin ma matanmu sun fi nasu sakewa. A Japan doka ta wajabta wa ma'aurata amfani da sunan iyali ɗaya, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari mace ce ke barin nata. An kai ƙara, Kotun Ƙoli ta bar dokar yadda take a 2015 da 2021. Ke kuwa da sunan Baba za ki ci gaba har tsufa, kuma abin da kika samu naki ne. Abin mamaki, Sanae Takaichi, mace ta farko da ta zama firaminista a 2025, ba ta goyon bayan sauya dokar, ko da yake ita mijinta ne ya ɗauki sunanta. Sai dai a gidaje da yawa miji na miƙa wa mata albashinsa gaba ɗaya, ita ke yanka masa kuɗin aljihu. Alhaji, in za a yi koyi da Japan, a fara da wannan?

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Allah ya sawwaƙe.

Ƴar Bagalam:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Da daddare zan karanta wa Inna, ita ta san yadda za ta shigar wa Baba. Abin da ya rage mini shi ne aikin kwana. Akwai ƴar'uwa a nan da ke kwana a wurin aiki tana da goyo? Wa kike bar wa yaron?