Neman bayanin ƙanin kakanmu da ya rasu a yaƙin Boma

Salam jama'a, don Allah ina neman wanda ya san kan wannan abu. Ƙanin kakanmu ya shiga soja zamanin yaƙin Hitila, aka kai su Boma, bai dawo ba. Wani abokinsa da ya dawo shi ya ce a gabansa harsashin Japanawa ya same shi a bakin wani kogi, ni dai ina zargin Kaladan ne tunda nan runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta fafata a 1944, amma fa ta 82 ma ta yi yaƙi a yankin Arakan a 1945.

Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne, yana sanye da kaki da hular nan mai faɗin baki, lambar sojansa da aka rubuta a baya ruwa ya cinye rabi. Na duba shafin Commonwealth War Graves, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin da suka mutu a yaƙin, to matsalar Turawa sunan mutum da na garinsu kawai suke rubutawa, masu irin sunansa sun yi yawa wallahi, wasu a maƙabartar sojoji ta Taukkyan da ke Boma, wasu a bangon tunawa na Rangun.

Da rabin lamba za a iya gano bataliyarsa? Ko gidan adana takardun tarihi na Kaduna suna da rajistar? Ƙanwarsa tana raye, ta tsufa sosai, kullum sai ta tambaye ni.