Hoton Andromeda ya fito mini baƙi ƙirin, kyamarata ce ko ni ne?

Bello (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya fara sanyaya mini gwiwa. Daren Juma'ar da ta wuce na hau saman benen gidanmu da Canon 600D da lens mai milimita 50, na kafa ta a kan ƙafa uku, na saita Andromeda, galaksin nan, wato babban tarin taurari mai nisan gaske, wajen ƙarfe goma na dare. Ba ni da na'urar da ke bin taurari, sai na ɗauki gajeru: hoto 60, kowanne daƙiƙa 6, ISO 1600, lens a buɗe har f/1.8, duka RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara da ba a matse ba. Na haɗa su a DeepSkyStacker, manhajar da ke tara hotuna da yawa su zama ɗaya, kwamfutar ta yi kusan awa guda tana aiki, da ta gama sai ga allo baƙi da 'yan ɗigon fari. Na mayar da shi JPEG, na tura waya na ƙara haske. Nan fa ya ɓaci: sama ta koma ruwan lemo, kusurwoyi huɗu sun yi duhu, ko'ina yashi-yashi, Andromeda kuma ɗan tabo kamar an shafa auduga. Wani abokina ya ce in sayar da kyamarar in haɗa kuɗi in sayi madubin hangen nesa. Kuɗin ba ƙanana ba ne a wurina. Me kuka gani?

Injiniya Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, kada ka sayar da komai tukuna. Baƙin allon nan haka yake fito wa kowa. Abin da manhajar ta ba ka ɗanyen hoto ne, hasken galaksin yana ciki amma ya taru can ƙasa kusa da baƙi, sai an jawo shi. Inda ka yi asara shi ne wajen mayar da shi JPEG. RAW na kyamararka yana riƙe mataki 16,384 na haske, JPEG kuwa 256 kacal ga kowane launi. Hannayen Andromeda duk suna cikin matakan farko-farko ne, da ka matse sai suka narke da baƙin sama, wayar ba ta tarar da abin da za ta haskaka ba sai datti.

Ka koma babban fayil ɗin da ka ajiye hotunan, za ka ga wani mai suna Autosave.tif. Shi za ka buɗe a Siril, manhajar gyaran hoton taurari, kyauta ce. Ka fara yanke gefunan, domin tunda kyamararka a tsaye take sama na tafiya, bakin hoton bai samu cikakken adadi ba. Sannan ka cire launin lemon da hasken gari ya zuba, akwai wurin cire bango a cikin Siril, ko ka yi da GraXpert. Ka kula kada ɗigon da kake sakawa don nuna wa manhajar bango su hau kan galaksin, in sun hau manhajar za ta ɗauka shi ma datti ne ta share shi. Bayan nan ka daidaita launi, sai daga ƙarshe ka ja haske. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar, ba fizga ɗaya ba. Kuma kada ka mayar da sama baƙi ƙirin don ɓoye yashin, ka bar ta toka-toka mai duhu.

Asma'u (Arkilla):
Yaya Bello, ban ga ka ambaci filat ba, wato hoton farin haske bai ɗaya da ake haɗawa da sauran, kuma shi ne maganin duhun kusurwa. Ni yadda nake yi: da asuba bayan salla, kafin rana ta ɓullo, sai in ninka farin mayafi biyu in ɗaure a bakin lens da robar kuɗi, in miƙe shi sosai kada ya yi tattara, in ɗaga kyamara sama in ɗauki 25 ko 30. Tudun jadawalin haske ya tsaya kusan tsakiya. Sharaɗin kawai kada ka taɓa saitin gani ko faɗin ƙofar lens, yadda suke da daddare haka za su kwana. Ni har salatef nake manna wa zoben. Ran da na fara saka filat, hoton Kaza da 'Ya'yanta da na riga na fid da rai da shi ya fito sumul daga gefe zuwa gefe.

Ka kuma rage buɗewar zuwa f/2.8. A 1.8 taurarin gefe kan fito da fukafukai, babu manhajar da za ta gyara maka su da kyau.

Bello (Mabera):
Na gode Injiniya, na gode ƙanwata. Ban ɗauki filat ba, na duhu ma, waɗanda ake ɗauka lens a rufe, ban ɗauka ba. Tunda na riga na sauke kyamarar, shi ke nan waɗannan 60 ɗin sun tashi a banza?

Asma'u (Arkilla):
Ba su tashi ba. Ka mayar da lens 1.8, ka saita gani a nesa iyaka, ka ɗauki filat gobe. Ba zai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, amma duhun gefen zai ragu sosai.

Abdulmalik:
Ni a ganina duk gyaran nan na biyu ne. Hoto 60 sau daƙiƙa 6 minti shida ke nan. Minti shida fa, a kan hasken da ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso Mabera. Kuma tsabtar hoto ba ta ninkuwa yadda adadi ke ninkuwa: in kana son yashin ya ragu da rabi, sai ka ninka hotunan sau huɗu, wato 240. Ka sauko daƙiƙa 4 don taurari su tsaya a dunƙule, ka ɗauki 400. Sama na juyawa digiri 15 a awa, saboda haka duk bayan hoto 40 ko 50 ka dawo da galaksin tsakiya. Ka tanadi wuri kuma, in a Siril za ka haɗa, kowane hoto in an warware shi yana haura mega 200. Ni disk ɗina ya taɓa cika aiki na tsakiya, ga shi an ɗauke wuta, sai da na sake daga farko. In kwamfutarka ƙarama ce, ka ci gaba da haɗawa a DeepSkyStacker, gyaran ka kai Siril.

Hotunan duhu kuwa, a daƙiƙa 4 ni ban damu da su ba.

Injiniya Nasiru:
Nan ban bi ka ba, Abdulmalik. Wanda ke ɗauka a ƙasar sanyi zai iya faɗin haka. Mu nan Sakkwato ko a Oktoba dare da ɗumi, ga kyamara na harbi ba hutawa fiye da rabin awa, sensa, wato farantin da ke kama haske a cikinta, na zafi, jajaye da shuɗɗan ɗigo na fitowa. Rufe lens da murfi ka ɗauki 30 da saiti ɗaya nan take kafin ta huce, minti nawa zai ci maka?

Abdulmalik:
Tunda taurari na zamewa a kan sensa, ɗigon ba sa faɗawa wuri ɗaya, manhajar na zubar da su da kanta in ka zaɓi haɗi mai tace ɗigon da suka fita daban. Amma na yarda, ɗauka ba ta ɓata komai.

Malam Shehu (Kware):
Ɗana Bello, ni ban iya kwamfutarku ba sosai, amma na daɗe ina kallon sama. Wanga tabon da ka raina, malamin falaki Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi tun shekarar 964, ya kira shi ƙaramin girgije, da ido kawai ya gan shi. Kai kuwa ka kama shi cikin kyamara daga tsakiyar gari.

Ga abin da na sani. Daga nan Andromeda arewa take bi, a ƙarshen Oktoba takan kai ƙololuwa tsakanin goma da sha ɗaya na dare, sama da digiri 60. Kai kana Mabera, in ka fuskanci arewa fitilun gari duk suna gabanka. Mu nan Kware garin na bayanmu ta kudu. Ka dubi kwanan wata na Musulunci, daga 25 zuwa 4 ga sabon wata dare na da duhu. Kuma ka hanzarta, kwanakin ga tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo su ne mafi tsabta a shekara. Hazo in ya sauka, shi ke kwashe hasken gari ya watsa shi ko'ina, sai ka ga sama ta yi ja. Kada ka ce za ka shiga daji da dare neman duhu, lokacin ba na haka ba ne. Ka taho gidana da rana, ka kwana, akwai fili bayan garka.

Bello (Mabera):
Allah ya saka da alheri, Baba. Jiya na yi filat da farar rigar makarantar ƙanena, na sake haɗawa, na bi matakan Injiniya. A ja na uku sai ga ta ta miƙe a karkace, doguwa, tsakiyarta ruwan ƙwai. Akwai ɗan dunƙule kusa da ita da wani ɗan tabo a ɗaya gefen, na duba taswira, M32 ne da M110, ƙananan galaksi biyu da ke kusa da ita. Yashin yana nan da yawa a hannayen, kuma tsakiyar ta ƙone fari da na ƙara ja na biyar, sai na koma baya. Na kira mahaifiyata ta gani, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko da gaske daga saman benenmu ne.

Na fasa sayar da kyamarar. Baba, in Allah ya yarda ina nan tafe ranar 27 ga wata, da batir biyu da katin giga 32. Injiniya, ta yaya zan ja hannayen ba tare da tsakiyar ta ƙone ba?

Injiniya Nasiru:
Ka fitar da kwafi biyu, ɗaya ja kaɗan don tsakiya, ɗaya ja sosai don hannaye, ka ɗora su a manhajar gyaran hoto ta GIMP ka goge tsakiyar na saman da buroshi mai laushi. Amma bari ka dawo daga Kware da 400 ɗin, sai mu zauna mu yi tare.