Ninƙayar tara kuɗin ginin al'umma na coci: shawarwarin da aka tattara

An tattauna yadda za a shirya ninƙayar tara kuɗi, wadda masu tallafi ke alkawarin ba da kuɗi saboda ninƙayar da wani zai yi. Inda aka fi tsayawa a tattaunawar shi ne alkawarin kuɗi. Mai tallafi na iya cewa zai biya kaza a kan kowane tsawo, wato daga wannan bangon tafkin zuwa wancan, amma lalle a rubuta iyakar kuɗin a takardar alkawarin. Yaron da aka zaci zai yi tsawo 20 kan ba da mamaki ya yi 60, sai mai alkawari ya noƙe. Shi ya sa da yawa suka fi son dunƙulallen kuɗi, a karɓa tun kafin ranar, don bin bashi daga baya shi ke cinye lokaci.

A tafki mai mita 25, tsawo 40 ne kilomita ɗaya. A raba layuka bisa saurin mutane, a zaunar da mai ƙirga ɗaya a bakin kowane layi da takarda da biro. Wanda ke cikin ruwa ba ya riƙe lissafi daidai in ya gaji.

Maganar tsaro babu sassauci: ƙwararren mai ceto a bakin ruwa daga farko har ƙarshe, rubutaccen izinin iyaye ga yara, da ruwan sha a ƙarshen layi, domin ana yin gumi a cikin ruwa ba a sani ba.

A faɗa wa jama'a takamaiman abin da kuɗin zai yi, rufi ne ko hanyar keken naƙasassu. Mutum biyu su ƙirga kuɗin, su sa hannu, a sanar da jimilla a taron ikilisiya.