Ɗakin na sauka digiri 13 da dare, macijina ya daina ci: allon ɗumama zai yi?

Uwar Dunƙule:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ina da ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Namiji ne, shekararsa 4, muna ce masa Dunƙule. Asali na ƙanena ne, shi ya raine shi tun yana kamar igiyar takalmi. Da aiki ya ɗauke shi zuwa nesa sai ya kawo mini shi da akwatinsa da komai, ya ce wata 3 kawai. Yau wata 14 ke nan. Ni da ko tsaka na gani sai na bar ɗaki, yanzu ni ce mai tashi ƙarfe 3 na dare da tocila ina duba ma'aunin zafi. Maigidana tun farko bai so ba, da ƙyar ya yarda, da sharaɗin ba zai shiga ɗakin kwana ba. To yana ƙaramin ɗakin da muke ajiye kaya. Bara ba mu ga matsala ba, don a hawa na tsakiya muke, maƙwabta sama da ƙasa suna tare mana sanyi. Gidan da muka koma kuwa tsoho ne, iska na shigowa ta gefen taga, mai gidan sau 4 ina masa magana, kullum za a zo, za a zo.

Yanzu ɗakin na sauka digiri 13 da dare, da rana 17. Cikin akwatin ɓangaren ɗumi bai wuce 27, ɗaya ɓangaren 19. Akwai shimfiɗar zafi ta lantarki a ƙasa, da ƙwan tangaran (ƙwan lantarki mai ba da zafi ba haske) a sama. Mako 6 ke nan bai ci ba, ɓeran ƙarshe da ya haɗiye ma bayan kwana 2 ya amayo shi. Saɓarsa ta ƙarshe guntu-guntu ta fita.

Na ji ana yabon allon ɗumama, wanda ake kafewa a rufin akwati. In sayi mai wat 80 ne ko 120? Zan iya ɗora shi a sama kawai? Ba zai ƙone shi ba?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ba mu labarin ƙanenki da maigidanki da mai gidan haya, amma abin da za mu yi aiki da shi ba ki faɗa ba. Akwatin na mene ne, gilashi ko katako ko PVC, wato robar nan mai tauri? Girmansa nawa? Murfinsa raga ce? Shimfiɗar nan da ƙwan, suna kan na'urar daidaita zafi ko kai tsaye kika soka su a bango? Kuma da wane irin ma'auni kika samu 27 ɗin nan?

Uwar Dunƙule:
Gilashi ne Malam, tsawo santimita 90, faɗi da tsayi 45. Murfin raga ce. Ma'aunin irin mai zagaye ne da ake mannawa a jikin gilashi. Na'urar daidaitawa babu, haka ƙanena ya kawo shi, kuma shekara 3 yana hannunsa lafiya lau.

Tsohon Hannu:
To ai ga ciwon nan. An bar jaki ana dukan taiki. Shekara 18 ina kiwon macizai, kuma na gaji da faɗa: ba abin ɗumama ne ya yi miki kaɗan ba, akwatin ne ba ya riƙe zafi. Gilashi na sakin zafi ta kowane gefe, iska mai ɗumi kuma sama take tashi, ta fice ta ragar. Ɗiban ruwa da rariya kike yi.

Shi allon ɗumama ba fitila ba ne, ba ya ba da haske. Fuskarsa ce take ɗaukar zafi ta watso shi ƙasa, ya ɗumama shimfiɗar ƙasa da maɓoya da jikin macijin, su kuma su ɗumama iskar ciki sannu a hankali. Wannan sai a rufaffen akwati. An yi shi ne don a ɗaure shi da sukuru a rufi mai ƙarfi daga ciki. Raga ba za ta ɗauke shi ba, in kuma kika ɗora shi a kanta daga waje, ɗakin ajiye kayanki za ki ɗumama.

Irin macijinki yana son wurin ɗumi ya kai 31 zuwa 33, ɓangaren sanyi 24 zuwa 27. A 19 cikinsa ba ya narkar da abinci, ɓeran ya fara ruɓa a ciki, shi ya sa ya amayo. Ki nemi akwatin PVC mai santimita 120 a 60 a 60, ki sa allo a gefe guda na rufin, ki haɗa da na'urar da take rage wuta tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A ɗaki mai 13 ni mai wat 120 zan sa, na'urar ta riƙe shi. Wannan ma'aunin mai zagaye kuma ki jefar, ado ne. Ki samu na dijital guda 2, ɗaya kowane gefe, da bindigar awon zafi don auna ƙasa.

Mai Akwati Uku:
Ni maganar shimfiɗa ba na'ura ce ta tayar mini da hankali. Yaya, don Allah yau ɗin nan ki ɗaga shi ki duba cikinsa. Haka na yi da tawa ta farko. Mai shagon da ya sayar mini ya ce ba ta buƙatar komai, a soka kawai. Wata safiya na ɗaga ta na ga ɓawon cikinta ya yi ja, wasu wuraren sun yi ƙwarya-ƙwaryar baƙi suna ruwa. Ita kuwa tana kwance a kan wurin, ba ta matsa ba. Maciji idan iska ta yi sanyi manne wa abin zafi yake yi har ya ƙone. Wata 5 muna jinya, saɓa bayan saɓa, tabon bai tafi ba har ta mutu. Da na koma wurin mutumin nan, ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma ya ce wai ni ce na sa shimfiɗar ƙasa ta yi siriri. Har yau in na wuce ƙofar shagon raina ɓaci yake yi.

Uwar Dunƙule:
Allah sarki, sannu. Na duba, cikinsa fari tas. Ina taɓa gilashin da hannu kullum, ɗumi kawai nake ji.

Tsohon Hannu:
Hannu ba ma'auni ba ne. Fatar tafin hannunki da kanta ta haura 30, abin da kika ji ɗumi ya riga ya wuce inda ake so.

Ɗan Lantarki:
Ni ba ni da maciji, ƙadangaru nake kiwo, amma wuta sana'ata ce. Malama, kada girman wat ya tsorata ki. Allo mai wat 80 ko ya kwana ya wuni a kunne, kilowat-awa 1.92 ne a rana, wajen 58 a wata. Mai 120 kuma 2.88 a rana. Da na'ura ma ba zai kai haka ba. Fuskarsa faffaɗa ce, zafin ya bazu, shi ya sa ba ta kai zafin ƙwan tangaran ba, wanda in ya taɓa fata nan take ne. Amma ko wanne dole na'ura.

Abu ɗaya: kan wayar na'urar, wanda ke jin zafi, ki sa shi ƙarƙashin allon, ki ɗaure shi da abin matse waya. In macijin ya ture shi zuwa ɓangaren sanyi, na'urar za ta ɗauka akwatin ya huce ta saki wuta gaba ɗaya. Kuma kada ki yi amfani da salatif a ciki, yana mannewa a jikinsu ya ɗaye fata.

Mai Hita:
Ku dai kuna ta lissafi. Ni a ganina ɗakin za a ɗumama, shi ke nan. Hita irin mai mai a ciki na sa a ɗakin nawa, na tsayar da ita a 23, akwatunan gilashina 2 ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Ba kowa ne zai iya zubar da akwati ya sayi sabo ba don wani ya ce.

Ɗan Lantarki:
Malam, hitar nan wat 1,500 ce galibi. Awa 8 tana ci ba tsayawa, kilowat-awa 12 ke nan, a ɗakin da taga ke shan iska. Abin da allo mai wat 80 zai ci a kwana 6.

Mai Hita:
Ai ba ta ci ba tsayawa. Kuma ni takardar wuta ba ita ce damuwata ba, mai gidan da nake haya ne. Shekara 2 ina roƙonsa ya canza mita, ya haɗa ni da shagon ƙasa, ni nake biyan wutar firjinsu. Na kai ƙara, aka ce na kawo shaida. Wace shaida kuma, na cire waya na kai musu? Masu gidan haya duk kanwar ja ce.

Baƙuwa:
Ni tambayata, me ya kai mutum ajiye maciji a gida tun farko? Ki mayar wa ƙanenki kayansa ki huta.

Uwar Dunƙule:
'Yar'uwa, ba wannan na tambaya ba. Amana ce aka ba ni.

Malam Tsohon Hannu, na gode, amma akwatin nan ba zan iya canza shi yanzu ba. Ba nawa ba ne, ƙanena ya sha wahala kafin ya same shi, kuma maigida ba zai yarda a shigo da wanda ya fi wannan girma ba, da ƙyar ƙofar ɗakin take buɗewa yanzu ma. Sannan na karanta cewa irinsu suna yin watanni ba ci a lokacin sanyi, musamman maza, ko da komai daidai ne. Na auna shi, giram 1,150, bara 1,200. Ai bai rame ba.

Tsohon Hannu:
Ƙin ci daban, amai daban. Mai azumin lokacin sanyi ƙin karɓa yake yi, ba ya haɗiya ya dawo da shi. Kada ki sake ba shi komai sai zafin ya daidaita, sannan ki fara da ɗan ƙarami. Macijin nan zai iya kai shekara 25 ko 30, asalinsa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda yake wuni cikin suri da ramukan ɓeraye masu ɗumi da laima. Kin sa shi a ɗakin kaya mai 13 kina ce mini ƙofa ba ta buɗewa. Duk wanda ya zo nan da gilashi haka yake cewa, bayan wata 2 ya dawo yana tambayar likita.

Malamar Dare:
Baba, a sassauta mana. Ba kowane mai gilashi ne ya yi asara ba. Nawa shekara 6 yana cikin gilashi. Yaya, ga abin da na yi. Na samu farantin soso mai tauri irin na rufe bango, kauri santimita 2 da rabi, na lulluɓe baya da gefe biyu daga waje. Na ɗaga akwatin daga ƙasa, na janye shi daga bangon waje. Na sa an yanka mini allon PVC daidai girman murfin, aka huda ƴan ramukan iska, na ɗaure allon ɗumama a jikinsa ta ciki. Ɗakina na sauka 16, ciki yana tsayawa 25 a ɓangaren sanyi. Laima ma ta gyaru, don ragar ce take zuƙe ta. Kashi 60 cikin 100 ake so, a ƙara lokacin saɓa. Sai dai ki auna tukuna, allon 120 dogo ne, a rufi mai 90 zai cinye fiye da rabi, ba zai bar masa wurin hucewa ba. Ni da ke ce 80 zan ɗauka.

Tsohon Hannu:
16 ba 13 ba ce. Kuma tsayi 45, a cire kaurin allo a cire shimfiɗar ƙasa, saura nawa? Gyaran gangar Auzinawa. Kuɗin soso da murfi da mai yanka, a haɗa a gani.

Malamar Dare:
Na haɗa, Baba, shi ya sa na yi.

Uwar Dunƙule:
Malamar Dare, Allah ya saka. Amma murfin ba na so na taɓa, in ƙanena ya dawo ya ga an sauya masa kaya ba daɗi. Jiya na rufe rabin ragar da tawul, nesa da ƙwan, ya hau 28. Ina ga in na ɗora allon a sama na rufe gefensa zai yi. Ni abin da ya fi damuna ma ɗan fiton da yake yi wani lokaci in yana numfashi, ina ga ƙurar ɗakin ce.

Mai Akwati Uku:
Tsaya Yaya. Fito? Tun yaushe? Yana buɗe baki yana numfashi, ko ɗaga kai sama? Akwai yauƙi ko kumfa a bakinsa? Sanyi na jawo musu ciwon huhu, kuma wannan allo ba ya maganinsa. Likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki za ki nema, wannan makon. Tawul kusa da ƙwan tangaran kuma ki cire, gobara ce.

Mai Hita:
Ba lallai ba. Nawa ya taɓa yin fito, ashe guntun saɓa ne ya toshe masa hanci. Da ya sake saɓa ya daina.

Uwar Dunƙule:
Yawwa, ai na ce saɓar ba ta fita duka ba, akwai saura a kansa. Wataƙila shi ne. Kumfa dai ban gani ba. Likitan da ke kusa da mu karnuka da kyanwa kawai yake dubawa, na kira.

Tsohon Hannu:
Da ta ji abin da take so ta karɓa. Ni na faɗi nawa. Ko ba ki sayi komai ba, na'urar daidaita zafi yau.

Uwar Dunƙule:
Ba haka ba ne Malam, duk ina karantawa. Na tura wa ƙanena saƙo kan maganar murfin, bai buɗe ba tukuna. Na'urar ma zan duba ƙarshen wata. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ɗaya ba: in a kan ragar zan ɗora, 80 ko 120?

Ɗan Lantarki:
Malama, wayoyin nan duka a soket ɗaya suke? Turo hoton bangon mu gani.