Jawabin dina: a soke ko a bari?

Saura mako biyu biki, Auta ta turo jadawalin dina a zauren WhatsApp na danginsu da ke Gusau. Bayan addu'ar buɗe taro akwai tarihin ango, tarihin amarya, jawabin uban taro, yanka kek, ɗaga kofin abin sha don yi wa ango da amarya fatan alheri, sai godiya. Daga nan gardama ta kaure.

Kawu: Assalamu alaikum. Na ga takardar. Ni dai a soke jawaban nan duka. Ba al'adarmu ba ce, kwaikwayon Turawa ne. Mu da muka yi aure, a zaure aka ɗaura, aka raba goro, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya riƙe lasifika yana gaya wa jama'a makarantun da na yi. Ga aure nan ya haura shekara 30.

Yayar amarya: Kawu, ku gafarce ni, amma ranar ɗaurin aurenku ba sanƙira? Shi ke ɗaga murya ya maimaita abin da waliyyi da wakili suka faɗa, ya ambaci sadaki, lakadan ne ko ajalan, ya ce jama'a su shaida. Maroƙa kuma su jero asalin ango har kakan kakansa. In wannan ba tarihin ango ba ne, mene ne? Bambancinsa da na yanzu kawai, maroƙi sai an miƙa masa kuɗi kafin ya tuna kakanka jarumi ne.

Kawu: Maroƙi sana'arsa ke nan, ya san inda zai tsaya. Yaran nan fa?

Taubashin amarya: Nan kam Kawu ya kama ku. Bara na je wata dina, aka ba babban abokin ango minti biyar. Ya faro daga firamare. Da ya iso jami'a, don ya ba mutane dariya, sai ya ce, "wallahi mun ɗauka wance zai aura", har da sunanta. Zaure ya yi tsit. Amarya ta sunkuyar da kai, uwar biki ta ajiye cokali ta tashi. Mai gabatarwa ya yi ta yi wa mai kiɗa alama da hannu. Kafin a watse bidiyon ya zaga wayoyi. Ni dai in aka ba ni lasifika a wannan bikin, duk kukan da amarya ta yi ranar da aka kai ta makarantar kwana sai na faɗa.

Auta: Shi ya sa ba ka cikin jadawali.

Gwaggo: Ku saurara, ɗiyana. Magana ga biki ba yau aka fara ta ba. Daren kai amarya ana shiga da ita wurin mahaifinta, lulluɓe, tana kuka, ya ce mata ta yi haƙuri, yi na yi, bari na bari. Uwa ta yi nata, mu gwaggwanni mu yi namu har ƙofar ɗakin miji. Amma mu nawa ne cikin ɗakin? Ba mu fi biyar ba. Abin da na gaya wa uwarku a kunne ranar nata, har yau ba wanda ya ji. Yanzu a tsayar da ni gaban mutum ɗari uku, kowa ya saita waya, a ce in yi wa ɗiya nasiha? Me zan faɗa na gaskiya a nan? Sai dai in ce tana da ladabi, ta iya girki, irin abin da ake faɗa kan kowace amarya.

Yayar amarya: Gwaggo, na ɗaki yana nan, ba a taɓa shi ba. Na dina don dangin ango ne. Rabinsu ba su taɓa ganinta ba.

Baba Malam: Walima sunna ce. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya guda. Addu'ar ango ma an koyar da mu: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Mutum ya tashi ya yi godiya ko ya faɗi alheri, ban ga laifinsa ba, in babu ƙarya da tonon silili. Ɗaga kofin nan ne ban gamsu da shi ba. Asalinsa na mashaya ne: a zuba shamfen, giyar nan ta Faransa, a gwara kofuna, a kurɓa da sunan fatan alheri. Mu fatan alherinmu tafin hannu muke ɗaga masa.

Auta: Baba, ruwan inabi ne marar giya, na kanti.

Baba Malam: Na sani, 'yata. Siffar nake magana. Me ya sa kwalbar sai mai kama da waccan, har a girgiza ta yi kumfa?

Kawu: Ga wata kuma da ba ku lissafa ba. An rubuta ƙarfe 2, kun san ango ba ya shigowa kafin 4. Ga la'asar. Akwai masu komawa Ƙaura Namoda da Talata Mafara, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba mai son magariba ta riske shi a daji. Uban taro in ɗan siyasa ne, minti ashirin ba ta isarsa. Shinkafa ta huce, baƙin nesa su tafi da yunwa.

Yayar amarya: To a fara raba abinci kafin kowa ya yi magana. Tarihi a haɗe shi wuri guda, minti uku, a rubuce, ni zan duba takardar abokin ango tun daren Juma'a. Kofi a cire, Baba Malam ya yi addu'a a gurbinsa.

Kawu: Ban janye ba, amma in abinci ne farko, ni ina ci zan fita.

Auta: Yaya, dangin ango fa sun riga sun sayi katon biyu na ruwan inabin. Wa zai kira su?